Mutum na tara a jirgin tsere: shin ya cancanci lambar zinarensa?

Habu:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai tambayar da ta daɗe tana min yawo a rai kan tseren kwale-kwale, musamman jirgin nan mai matuƙa takwas. In an zo ba da lambar yabo a gasar Olamfik mutum tara ne suke hawa dandamali: ƙarti takwas dogaye, sai wani ɗan ƙarami a tsakiyarsu wanda bai taɓa filafili ba daga farkon tsere har ƙarshensa. Shi ne koks, mai zama a gindin jirgi yana ba da umarni. Da Birtaniya ta ci zinare a na maza a Paris a 2024, irin lambar da aka rataya wa takwas ɗin ita aka rataya wa Harry Brightmore. Tsakani da Allah nake tambaya: wane aiki yake yi da ya kai a daidaita shi da waɗanda suka zubar da gumi?

Kawu Ɗanjuma:
Wa alaikumus salam. Habu, ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Ni a ganina bai cancanta ba, kuma ba raini ba ne. Matuƙi yana gama mita 2,000 wani ko zama ba ya iyawa, sai an tallabe shi. Shi kuwa koks kilo 55 ne na kaya da aka ɗora musu su ja. Ga hujjata. A gasar Olamfik ta 1900 a Paris, 'yan Holan biyu, François Brandt da Roelof Klein, sun ga koks ɗinsu Hermanus Brockmann ya yi musu nauyi, sai suka sauke shi kafin tseren ƙarshe, suka ɗauko wani yaro Bafaranshe suka zaunar da shi a madadinsa. Suka ci tseren. Yaron ya tsaya aka ɗauki hoto da shi, ya shige cikin jama'a, har yau ba a tabbatar da sunansa ba. Aikin da yaron da aka tsinta a bakin kogi zai yi a ci zinare, ina wahalarsa?

Nura:
Kawu, jirgin mutum biyu ne fa wancan, kuma a zamanin da ba a gama tsara dokokin wasan ba.

Kawu Ɗanjuma:
To na 1960 fa? Klaus Zerta na Jamus yana ɗan shekara 13 ya ci zinare a Roma. Noël Vandernotte na Faransa kuma yana ɗan 12 ya samu tagulla biyu a Berlin a 1936. A wane wasan ƙarfi ne yaro ɗan 12 zai karɓi lamba tare da manya?

Sadiya:
Kawu, ina neman afuwa zan ɗan tsawaita, don na zauna a wannan kujera lokacin da nake karatu a waje, a ƙungiyar ɗalibai. Ban je ko kusa da matakin waɗanda kuke ambata ba, amma abin da ake ji a ciki iri ɗaya ne.

Abu na farko da mai kallo a talabijin yake mantawa: matuƙa takwas ɗin nan duk bayansu suka juya wa inda za su. Ba wanda yake ganin gaba sai koks. Jirgin ya kai tsawon mita 18, faɗinsa kuwa da ƙyar ƙugu yake shiga, in ka haɗa nauyinsa da na mutanen ciki ya doshi tan guda, kuma a tsere yana wuce gudun kilomita 20 a awa. Ba shi da birki. Abin juya shi wani ɗan allo ne a ƙarƙashin ruwa da bai kai tafin hannu ba, an haɗa shi da igiya biyu, ɗaya a hannun dama ɗaya a hagu. Duk lokacin da ka taɓa igiyar nan ka rage wa jirgin gudu, kuma ka karkata shi, sai filafilan ɓangare ɗaya su riƙa sharar ruwa. Saboda haka gwanin koks shi ne wanda yake gyara hanya tun kafin ta karkace, da ɗan motsin yatsa, har matuƙan ba sa sanin ya yi.

Na biyu, da bayanka kake jin jirgin. Kana zaune a takure, gwiwa ta kusa ƙirji, ƙafa a dafe, duk bugu ɗaya allon baya ya doke ka a ƙugu. A wannan dukan kake gane ko takwas ɗin sun shiga ruwa tare. In na uku ya makara da ƙiftawar ido za ka ji jirgin ya yi ɗan tsayawa kafin ya zabura. Sai ka leƙa gefe ka duba kan filafilai, ka duba tambarin da kowane filafili ya bari a ruwa, ka ga tazarar da ke tsakanin na wannan bugu da na baya. In tazarar tana raguwa, ƙarfi ne ake zubarwa a banza ko da ana bugu da sauri. Aikinka ka gano wane ne, ka faɗa masa da kalma biyu ko uku, a daidai lokacin da zai iya gyarawa, ba tare da ka rikita sauran bakwai ba.

Na uku, dokar gasa ta hana koci magana da jirgi da zarar an fara tsere. Duk shirin da aka yi, inda za a ƙara wuta, inda za a riƙe, abin da za a yi in abokan hamayya sun zabura tun da wuri, a bakin koks yake. Mutumin da numfashinsa ya kusa ɗaukewa ba ya iya lissafi. Kai ne kake yi masa.

Habu:
Malama Sadiya, ya ake jin maganarki daga gindin jirgi har goshi, ga ƙarar ruwa ga ihun 'yan kallo?

Sadiya:
Akwai ɗan makirufo da ake ɗaurawa a kai, da ƙananan lasifika a ƙarƙashin kujeru. Na'urar tana kuma nuna yawan bugu a minti da lokacin da aka ci. A tashin farko jirgin takwas yana haura bugu 40 a minti, sannan ya sauko wajen 36 zuwa 40 a tsakiyar tsere. Wannan saukowar, in koks bai kira ta da kyau ba, jirgin zai ci gaba da hanzarin banza, kafin mita 1,000 sun gama ƙonewa. A da can, kafin na'urar, wani ɗan mazurari ake ɗaura wa koks a baki da madauri.

Malam Isa:
Zan ɗan tsaya wa Kawu a wani ɓangare, don maganarsa tana da tushe a tarihin wasan kansa. Tun 1868 aka fara wannan gardama. A gasar tseren kwale-kwale ta Henley a Ingila ta shekarar, W. B. Woodgate na kwalejin Brasenose a Oxford ya ƙera wata dabara ta juya jirgi da ƙafa, sannan ya sa koks ɗinsu Frederic Weatherly ya faɗa ruwa da zarar an ba da izinin tashi. Jirgin mutum huɗun ya yi wa kowa fintinkau, aka soke nasarar. Amma daga nan aka fara ware tseren mutum huɗu marar koks. Haka aka yi ta tafiya har bayan gasar Barsalona ta 1992, inda aka cire jirgin mutum biyu mai koks da na mutum huɗu mai koks daga Olamfik. Yau jirgin takwas kaɗai ya rage da koks a can. Wato a ƙananan jirage an gwada an ga za a iya ba tare da shi ba, tunda layi miƙaƙƙe ne kuma an jera alamomi a ruwa.

Sai dai a lura da inda aka tsaya. Ba a cire shi daga jirgin takwas ba, kuma doka ta ce jirgin da ya tsallake layin ƙarshe babu koks ɗinsa ba a lissafa shi.

Kawu Ɗanjuma:
Ka gani ko? Doka ce ta riƙe shi, ba buƙata ba.

Malam Isa:
Kawu, buƙatar ce ta haifi dokar. Mutum biyu suna jin numfashin juna. Mutum takwas a jere, na farko bai san abin da na takwas yake ciki ba. Kuma ko a ƙaramin jirgin, ku tuna tseren ƙarshe na mutum biyu mai koks a 1992 ɗin. 'Yan'uwan nan na Italiya, Carmine da Giuseppe Abbagnale, da koks ɗinsu Giuseppe Di Capua, sun ci zinare a 1984 da 1988, kuma suna gaba da tazara mai kyau har tseren ya yi nisa. Greg da Jonny Searle na Birtaniya suka kamo su a mitocin ƙarshe suka wuce. Su Searle ba sa ganin 'yan Italiya, tunda suna gabansu. Garry Herbert ne yake kwance a jirgin yana gaya musu abin da ya rage, yana neman su ba da abin da suke zaton ba su da shi. Wanda ya ga hotonsa yana kuka a dandamali ana taken ƙasa ya san bai ɗauki kansa fasinja ba.

Nura:
Duk wanda yake shakkar aikin koks ya kalli tseren jami'o'in Oxford da Cambridge a kogin Thames a Landan. Tun 1829 ake yinsa, nisan yanzu kilomita 6.8 ne daga Putney zuwa Mortlake, kuma babu layi babu alama. Kogin yana da manyan lanƙwasa, ana tseren ne lokacin da ruwan teku yake turowa sama, kuma igiyar ruwa mafi ƙarfi siririya ce a inda kogin ya fi zurfi. Ba a ganinta da ido sai wanda ya haddace kogin. Koks biyu ɗin duka nan suke so, don haka kowa yana matsa wa ɗan'uwansa, filafilai suna kusan haɗuwa, alƙali yana binsu a baya da tuta yana gargaɗi.

A 2012 wani mutum ya shiga ruwa da iyo da gangan ya tare hanya, aka tsayar da tseren. Da aka sake tashi jiragen suka yi karo, filafilin ɗaya daga cikin 'yan Oxford ya karye. Alƙali ya ce ya riga ya gargaɗi Oxford, aka ci gaba, Cambridge ta ci. Koks ɗin Oxford a ranar, Zoe de Toledo, ita aka yi ta nunawa da yatsa a gaban miliyoyin masu kallo. Shekara huɗu bayan haka, a Rio, ita ce ta ja jirgin takwas na matan Birtaniya suka samu azurfa, lambarsu ta farko a wannan rukuni a Olamfik. Abin da nake so Kawu ya duba shi ne: in har ana iya ɗora wa mutum alhakin faɗuwa haka, to dole a ba shi rabonsa a nasara.

Kawu Ɗanjuma:
A kan kogi na yarda da kai ɗari bisa ɗari, Nura. Maganata a kan miƙaƙƙen layin Olamfik take.

Nura:
To ga na miƙaƙƙen layi. A tseren ƙarshe na Mosko a 1980 igiyar juya jirgin Birtaniya ta tsinke ana cikin gudu. Colin Moynihan ya miƙa hannu baya ya kama ƙarfen allon ya riƙa juyawa da hannu har suka ƙare da azurfa, bayan Jamus ta Gabas. Shi ne daga baya ya zama ministan wasanni na Birtaniya.

Hajiya Rabi:
Ni abin da ya fi damuna a rayuwar waɗannan bayin Allah shi ne maganar nauyi. Ƙa'idar hukumar wasan ta duniya ita ce koks kada ya gaza kilo 55 da kayan tsere a jikinsa. In bai kai ba sai a ba shi ƙarin nauyi ya riƙe kusa da shi, amma kada ƙarin ya wuce kilo 15, kuma ana auna shi tsakanin awa biyu da awa ɗaya kafin tserensa na farko a kowace rana. An kafa wannan ne don kada a koma zamanin ɗauko yara, kuma kada mutane su kashe kansu da yunwa. Amma kowa ya san abin da yake faruwa: abin da aka sa a matsayin mafi ƙaranci sai ya koma abin da ake so kowa ya tsaya a kai. Baligin da tsarin jikinsa na kilo 60 ne zai shekara yana faɗa da cikinsa don kada a ce shi ne ya nauyaya jirgi. Sadiya, ƙanwata, haka ne ko na yi zuƙu?

Sadiya:
Haka ne, Hajiya. Na ga wadda take ƙin shan ruwa tun daren jajibirin awo, ta zo da safe leɓe a bushe, murya tana rawa. Kuma muryar nan ita ce kayan aikinta. Kilo biyu ko uku a jirgin da ya doshi tan guda bai kai ɓarnar da koks mai jiri zai yi ba in ya karkace hanya ko ya manta kira. Kocin kirki ya san haka, amma ba kowa ne na kirki ba, kuma matuƙa matasa suna iya jefa wa mutum magana a kan nauyinsa ba su san inda ta sauka ba.

Ga sanyi kuma. Atisaye da asuba ake yi, matuƙa suna motsi jikinsu yana ɗumi, kai kana zaune wuri ɗaya ruwa yana fantsamo maka, yatsun da za ka ja igiya da su sun ƙage. Kafin a shiga ruwa kai ne za ka jagoranci fito da jirgi daga rumbu, a sa shi a kafaɗa, a juya, a sauke, kada ya bugi komai. In an fito kai ne na ƙarshen tafiya. Da dare ka kunna muryarka da ka naɗa ka saurara, ka ji inda ka yi surutun da ba shi da amfani. A manyan ƙungiyoyi da irin wannan naɗin da ra'ayin matuƙa ake zaɓen koks, kuma kujera ɗaya ce tak. Matuƙin da bai samu jirgin takwas ba zai iya samun na huɗu ko na biyu. Koks ɗin da bai samu kujerar jirgin takwas ba gida yake zama ya kalli Olamfik.

Hajiya Rabi:
Allah sarki. Amma akwai alheri ɗaya a kujerar, ana daɗewa a cikinta. Ku dubi Lesley Thompson-Willie ta Kanada. An haife ta a 1959, 'yar wasan motsa jiki ce kafin ta koma koks, kuma malamar makaranta ce. An zaɓe ta zuwa Mosko a 1980 amma Kanada ta ƙaurace wa gasar. Ta samu azurfa a 1984 a jirgin mutum huɗu, zinare a 1992 a jirgin takwas, azurfa a 1996, tagulla a 2000, ta sake samun azurfa a Landan a 2012 tana da shekara 52. A Rio a 2016 tana da 56 tana zaune a gindin jirgi, wasu daga cikin matuƙanta ba a haife su ba lokacin da ta karɓi lambarta ta farko. Kawu, in nauyi kaɗai ake nema, 'yan mata masu kilo 50 sun ƙare ne a Kanada da za a riƙa komawa wurin mace ɗaya sama da shekara 30?

Malam Isa:
Ga Elena Georgescu ta Romaniya ma, lamba biyar daga 1992 zuwa 2008, uku a ciki zinare a jere: 1996, 2000, 2004. Ga Mary Whipple ta Amurka, azurfa a 2004, zinare a 2008 da 2012. Martin Sauer ya ja jirgin maza na Jamus zuwa zinare a 2012, kuma shi ne a ciki da suka kafa lokaci mafi sauri a tarihi, minti 5 da daƙiƙa 18.68, a Poznan a 2017. Matuƙa suna sauyawa a waɗannan jirage, koks yana nan.

Habu:
Na ga mace tana jan jirgin maza a Paris. Da ma an yarda da haka?

Malam Isa:
A tseren Oxford da Cambridge tun 1981, lokacin da Sue Brown ta ja Oxford suka ci. A gasannin duniya kuwa sai 2017 aka buɗe, aka ce namiji ko mace kowa zai iya jan kowane jirgi, aka mayar da nauyin 55 ga kowa. Kafin nan na mata 50 ne. Wataƙila wadda ka gani Dieuwke Fetter ce, ta ja mazan Holan suka samu azurfa. Henry Fieldman na Birtaniya kuma ya samu tagulla da jirgin maza a Tokyo, ya sake samun tagulla da jirgin mata a Paris.

Hajiya Rabi:
Kada a manta da Erin Kennedy. Ta ja jirgin mutum huɗu na Birtaniya a gasar nakasassu ta Tokyo suka ci zinare. A 2022 aka gano tana da sankarar mama, ta sha magani da tiyata, ta dawo kujerarta, suka sake cin zinare a Paris a 2024.

Kawu Ɗanjuma:
Na saurari kowa, kuma Sadiya ta buɗe min ido a kan abubuwan da ba a gani a talabijin. Na yarda sana'a ce, kuma mai wuya. Inda har yanzu na tsaya shi ne: koks nagari ba zai sa raunanan matuƙa su ci ba, amma ƙarfafan matuƙa za su iya ci da koks matsakaici. Don haka rabonsu a lambar ba ɗaya ba ne, ko da ƙarfen da aka rataya musu iri ɗaya ne.

Sadiya:
Rabin farko na maganarku gaskiya ne, Kawu, ba koks ɗin da zai musa. Rabi na biyun ne nake ja da shi. A tseren ƙarshe na Olamfik babu raunana, jirage shida ne da ƙarfinsu ya yi kusa da juna, kuma sau da yawa abin da yake raba zinare da azurfa bai kai daƙiƙa ɗaya ba. A gudun jirgin takwas daƙiƙa ɗaya kamar mita shida ce. Taɓa igiya sau uku ba bisa buƙata ba ya isa ya cinye ta.

Akwai kuma abin da ya fi hanya muhimmanci, wato amana. A mita 500 na ƙarshe matuƙi ba ya ganin komai sai bayan na gabansa. In na ce masa saura bugu 20, zai raba ɗan ƙarfin da ya rage masa gida 20 ya kashe shi duka. In ya kai 20 ɗin ya ga ba a iso ba, gobe in na ce 20 zai ɓoye wani abu don kansa, kuma jirgin da mutum takwas suke ɓoye ƙarfi ba ya cin tsere. Shi ya sa ba a yi wa matuƙa ƙarya, ko ana baya. In an wuce mu da rabin jirgi sai in ce rabin jirgi, sannan in faɗi abin da za mu yi a kai. Kuma sai ka san kowa: wani in ka kira sunansa da ƙarfi zai ƙara wuta, wani in ka yi masa haka zai daburce, sai dai ka sassauta murya ka tuna masa abu ɗaya da ya iya. Wannan sanin ba a samunsa a mako guda, kuma yaron da aka tsinta a bakin kogi ba shi da shi.

Nura:
Tambaya ga Malama Sadiya. A Los Angeles a 2028 an ce mita 1,500 za a yi a Long Beach maimakon 2,000. Wannan zai rage aikin koks ko zai ƙara?

Sadiya:
A ganina zai ƙara masa nauyi a farkon tsere. Jirgin takwas na maza zai gama cikin kamar minti huɗu, don haka wanda aka bari a baya a tashin farko ba shi da filin da zai rama. Sai an sake duk lissafin da aka saba yi na gida huɗu masu mita 500: yaushe za a sauko daga bugun tashi, ko ma za a sauko sosai, da inda za a fara zaburar ƙarshe. Matuƙan da suka shekara goma jikinsu ya haddace 2,000 za su so su ajiye ƙarfi don mitocin da babu su, kuma koks ne zai hana su.

Kawu Ɗanjuma:
To Allah ya kai mu. In tseren ya gajarta ni ina ganin ƙarfi ne zai ƙara yin magana, ba baki ba. Habu, ka ajiye wannan zaren, mu dawo kansa bayan tseren ƙarshe na 2028.